Yadda Na Kai Hanjin Dogo Ingila

Tun da na dawo ba a bar ni na sayar da kifi cikin kwanciyar hankali ba. Mace za ta tsaya gaban kwandona a kasuwar Yelwa, ta ɗauki tarwaɗa tana jujjuyawa kamar mai saye, sai can ta rage murya ta ce, "Ke Kulu, wai da gaske an kama ki a Ingila da bam cikin tukunya?" Wata kuma ta ce ta ji Bature ya nemi aurena. Ran nan har daga Shanga wata ƙawata ta biyo jirgin kasuwa don kawai ta ji daga bakina. Na gaji da maimaitawa. Ga labarin nan tun daga tushe, wadda ta ƙara masa gishiri bayan wannan, ita da Allah.

Dole in fara da Dogo, domin ba don shi ba, da tafiyata zaman jego ce kawai irin ta kowace uwa. Dogo agogo ne, amma ba na hannu ba, ba na bango ba. A tsaye yake a ɗakin Baba cikin dogon akwatin katako, ya fi duk mazan gidanmu tsawo. Fuskarsa ta tagulla ce, a cikinsa akwai igiya da curin dalma da wani dogon ƙarfe mai lilo. Kullum da safe sai an ja igiyar, dalmar ta hau sama, ta yini tana saukowa a hankali, shi kuma yana ta ƙwas-ƙwas, in awa ta cika ya buga ƙararrawa har maƙwabta su ji.

Tun Baba yana saurayi ya same shi. A lokacin shi yake tuƙa wa wani Bature jirgi, cikin masu awon kogi kafin a tare ruwan Kainji. Baturen ya zo da agogon daga gidan kakansa, da zai koma ya ga ɗawainiyar ta yi yawa, sai ya ce Baba ya ɗauka. Baba bai taɓa shiga ɗakin da agogon yake ba, muryarsa kawai ya sani daga bakin ruwa. Ranar kuwa shi zai kai Baturen can gangare, don haka ya tura ƙanensa, Baffa Ɗanjuma, ya ɗauko. Baffa ya naɗe Dogo cikin tabarma, ya kwantar da shi a kwalekwale, ya tuƙo. Mutanen bakin gaɓa suka hango dogon abu a naɗe, mata suka fara salati, wani har ya ruga neman masu haƙa kabari.

Da Baba ya dawo ya dubi fuskar agogonsa, sai ya ga hannu ɗaya. Duk agogon da ya taɓa gani hannu biyu gare shi. Shi ke nan, ya ce Baffa ya yar da ɗayan a ruwa. Baffa ya rantse, Baba ya ƙi yarda. A cikin wannan rigima aka haife ni, a cikinta na yi aure, a cikinta na aurar. Ana gaisawa, ana zuwa masallaci tare, amma ko hirar damina aka fara, sai ta ƙare a kan hannun agogo.

'Yan shekarun nan Dogo ya tsaya cak. Idon Baba ma ya yi yana, ba ya ganin komai sai haske da duhu, kuma tun da agogon ya yi shiru shi ma ya rage magana, ya rage cin abinci. Ya ce ɗakin ya zama kamar rami. Da autata Zainabu, wadda take aikin jinya a Ingila tare da mijinta Sani, ta aiko cewa ta sauka lafiya in zo jego, Baba ya sa aka kira ni.

"Kulu, tunda ƙasarsu za ki, tahi da shi gida a duba shi," in ji shi. "Kuma ki sawo mishi hannun da wancan yay yar."

Daga bayan katanga Baffa ya amsa, "Hannu guda nig gani, Yaya, hannu guda nik kawo!"

Ba yadda za a yi Dogo ya shiga jirgin sama da tsawonsa. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya zo ya zaro fuskar tare da injin da ke manne a bayanta, wanda Baba yake kira hanji. Aka bar akwatin da dalmar a gida. Na naɗe hanjin da zannuwa, na sa a babbar tukunya, na ɗaure murfin da tsumma.

Daga tashar Yelwa na shiga motar Kontagora, tukunya a cinyata. Ban san ƙararrawar tana da rai ba sai da muka faɗa ramin farko. Daga cikin tukunya aka ce tinnn! Kowa ya duba wayarsa. Rami na biyu, tinnn! Wani dattijon Bafulatani da ke kusa da ni ya janye ƙafarsa, ya ce, "Hajiya, abin naki yana cizo?" Na ce agogo ne, ba shi da lafiya. Ya ce to, Allah ya ba shi sauƙi. Kafin mu yi nisa fasinjoji sun mai da abin wasa: in direba ya kauce wa rami a yi masa tafi, in ya faɗa Dogo ya kai ƙara. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo ya ce me ke cikin tukunya. Na ce hanji. Ya ce na saniya ko na rago? Na ce na agogo. Ya dube ni, ya dubi direba, ya ce mu tafi, Allah ya sawwaƙe.

A Abuja aka ce tukunya ba za ta zauna a cinyata cikin jirgi ba. Na tura ta tsakiyar babbar jaka, na kewaye ta da busasshen kifi, da kilishi, da daddawa, da kanwa, da ɗan man shanu na mai jego. Jirgin sama ya fi kwalekwale sauri, amma ya fi shi rowa, abinci ɗan mitsitsi kamar an zuba wa kyanwa. Da ya fara girgiza cikin gajimare, Baturiyar da ke kusa da ni ta ƙanƙame kujera. Ni da na saba da tafkin Kainji lokacin hadari, na dafa ta na ce, "Ba komai, ɗiyata, wannan ai ba iska ba ce." Ba ta jin Hausa, amma ba ta saki hannuna ba har muka sauka.

Wajen masu duba fasfo ban sha wahala ba, hoton jaririya na nuna aka ce in wuce. Wajen kaya ne aka yi ta. Wani kare mai dogon kunne, da riga a jikinsa kamar ma'aikaci, ya bi jakunkunan mutane yana shinshinawa, ya zo kan tawa ya zauna daram. Na ce, "Kai, tafi can!" Ashe zaman nasa sammaci ne. Aka kai ni wani ɗaki, wata 'yar kwastan mai safar hannu ta tura jakar cikin na'urar da ke leƙa cikin kaya. Ta dubi allon, ta sake dubawa, ta kira wani, shi ma ya kira wani. A allon ga tukunya a ɗaure, ga ƙarafa masu haƙora a cikinta. Duk suka ja da baya. A daidai nan wani ya ɗan motsa jakar, Dogo ya ce tinnn!

Suka ƙara ja da baya. Ni kuma dariya ta kama ni, irin wadda take zuwa a inda bai kamata ba, har ina riƙe ciki, su kuwa dariyar tawa ta ƙara tsorata su. Da ƙyar na danna lambar Sani, wanda yake jirana a waje, na miƙa musu wayar. Ya yi musu bayani, aka ce in buɗe da hannuna. Na kwance tsumma, na warware zannuwa, fuskar Dogo ta fito. Wani dattijo a cikinsu ya matso, ya sa tabarau, sai fuskarsa ta washe. Ta bakin Sani na ji cewa kakar dattijon tana da irinsa a ƙauye, kuma su can agogon kaka suke ce masa. Ya ƙwanƙwasa ƙararrawar da farce, ya lumshe ido yana saurare.

Dogo ya wuce lafiya, kifi ma ya wuce. Kilishi da man shanu ne suka yi shahada, wai doka ta hana shiga da nama da kayan madara. Daddawa kuwa, 'yar kwastan ta buɗe ƙullin ta shinshina, ta rufe da sauri, ta miƙo mini da hannu biyu.

Gidan su Zainabu a saman bene yake, ba tsakar gida, ba inda za ka shanya ko tsumma. Jaririyar an sa mata sunana, ana kiranta Ummi. Ruwan zafin jego a bango yake, murɗawa kawai, na tuna iccen da na ƙona a nawa jegon na ce duniya ba adalci. Maƙwabta kuwa, mutum zai haɗu da kai a matakala ya yi ɗan murmushi ya dubi ƙasa, ba ina kwana, ba ina gajiya. Na gaida wata tsohuwa, na tambaye ta gida da yara da sanyi, ta tsaya tana kallona kamar na zo mata da talla.

Ran da na kunna turaren wuta don ɗakin mai jego ya yi ƙamshi, wani abu a rufin ɗaki ya ɓarke da kururuwa. Duk benen ya fito waje cikin yayyafi, wani ba takalmi, wani rungume da kyanwa. Ina ta neman inda zan sa fuskata, sai tsohuwar nan ta matso ta shinshina mayafina, ta tambayi Zainabu sunan turaren. Washegari na kai mata ɗan ƙulli. Daga ranar ita ke fara gaishe ni.

Abin da ya fi ɗaure mini kai rana ce. Lokacin zafinsu na je, rana ta fito tun mutane ba su gama barci ba, ta kuma ƙi faɗuwa. Ka ci tuwo, ka wanke kwano, ka yi hamma, magariba ba ta yi ba. Na ce wa Sani dole mutanen nan su ƙera agogo, tunda ranarsu ba ta da alƙawari.

Bayan arba'in muka waiwayi Dogo. Akwai rubutu a fuskarsa da yaran gidanmu suka sha karantawa ba su san ma'anarsa ba. Sani ya bincika, ashe sunan wanda ya ƙera shi ne, Joshuwa, wanda na mayar Yusha'u, da sunan ƙauyensu, wanda har yau harshena ya ƙi. Ƙauyen yana nan, kuma akwai wani tsoho a can mai gyaran irin waɗannan agoguna.

A jirgin ƙasa muka tafi, ni da Zainabu da Ummi da Sani. Jirginsu ba ya jiran kowa. Na ga wani ya rugo, hannunsa har ya taɓa ƙofa, ta rufe, jirgi ya tashi da kujeru ba kowa. Da a bakin ruwan Yauri ne, da mai jirgin ya sha zagi har jikokinsa. Mu ai sai jirgi ya cika, sannan a jira wadda ta koma gida ɗauko akuya.

Matsalar da ba mu hango ba ita ce cin abinci. A gida Sani yana cin nasa a ɗaki, ni ina ci a kicin, suruki bai ga bakin suruka ba. A jirgi kuwa kujerunmu suna kallon juna, tebur a tsakiya. Zainabu ta fito da burodi da soyayyen kifi. Na dubi taga. Sani ya dubi rufi. Cikinsa ya yi ƙugi, nawa ya amsa. Zainabu ta yi ta dariya har Ummi ta farka. A ƙarshe ya ce, "Inna, bari in duba ko akwai ruwa a gaba," ya ɗauki rabonsa ya fita. Can na hango shi tsaye tsakanin taragu biyu yana ci, fuska a bango, kamar wanda malami ya hukunta.

Ƙauyen kore shar, ga tumaki masu kauri kamar katifa, amma na yi ta dubawa ban ga makiyayi ko ɗaya ba. Muka sauka a wani tsohon gidan baƙi na dutse, mai gajeren rufi. Sani ya buga goshi da shigarsa, ya buga da fitarsa, har mai gidan, wata mace mai jiki da fara'a, ta riƙa yin ihu duk sanda ya miƙe. Karenta yana da gado da bargo da ranar haihuwa. Da safe ta kawo mana wake, na kai baki na ji sukari. Wake da sukari, jama'a! Kifinsu kuma mai kyau ne, babba, fari tas, an soya shi cikin fulawa, amma an sallamo shi ba gishiri ba yaji. Na fito da yajina daga jaka na yi masa sutura. Mai gidan ta ce a ɗanɗana mata. Ta ɗanɗana, ta yi hawaye, ta sha ruwa, ta ce a ƙara.

Mai gyaran sunansa Alfured, na ce Malam Alfa, ya ce ya karɓa. Tsoho ne siriri, gashin kunnensa ya fi na kansa yawa. Da muka shiga shagonsa daga hasken waje idona bai washe ba, na ga dogayen mutane sun yi sahu jikin bango. Na gyara mayafi na ce, "Salamu alaikum, sannunku da aiki." Ba wanda ya amsa sai ƙwas-ƙwas. Ashe 'yan'uwan Dogo ne, ɗaki guda cike, wani da zanen furanni a fuska, wani da farin wata mai ido da baki yana leƙowa. Ban gama jin kunya ba rana ta take tsaka, duk suka ɓarke da bugu, wannan da muryar alƙali, wannan da muryar 'yar talla, ba mai jiran wani. Na sunkuci Ummi na yi waje. Ita ko motsi ba ta yi ba.

Da na dawo Malam Alfa ya buɗe tukunya, ƙamshin kifi ya buge shi, ya ɗauko hanjin da hannu biyu kamar ungozoma. Abu na farko da ya ciro gidan zanzaro ne. Sannan ya lakato wani baƙin abu mai danƙo, ya shinshina, ya tambayi Zainabu wane irin mai ne wannan. Na ce man gyaɗa ne, Baba yake ɗiga masa duk sallah. Tsohon ya dafe kai ya yi wani ɗan kuka kamar an taka shi.

Yana gogewa yana ba mu labari, Zainabu tana fassarawa. Ya ce Dogo ya haura shekara ɗari biyu, kuma Yusha'u ba wani gwanin birni ba ne. Maƙerin ƙauye ne, yana yi wa dawaki takalmi, yana ƙera kwaɗo da makulli, yana gyara garma, in sanyi ya hana noma sai ya zauna yana fitar da haƙoran agogo da magagari. Akwatin kuma kafintan ƙauye ke yi, wanda shi ne dai mai yin akwatin gawa. Na ce ashe matan bakin gaɓa ba su yi kuskure sosai ba. Ya ce irin Dogo na manoma ne, shi ya sa sai an ja igiyarsa kullum, na masu hali kuwa sai mako-mako. Wani manomin in ya kai agogo gida ya tarar rufinsa ya yi gajere, sai ya haƙa rami a tsakar ɗaki ya tsayar da shi ciki.

Can Malam Alfa ya kai ga wani ɗan ƙarfe, ya tsaya, ya jawo gilashin ƙara girma. Ya ce wannan ba aikin Yusha'u ba ne. Na leƙa, nan take na gane: ƙugiyar kamun giwan ruwa ce, an miƙar da ita an sake lanƙwasawa. Na tuna ina yarinya Dogo ya taɓa daina bugu, aka kira wani maƙeri daga Ngaski ya yini a ɗakin Baba. Kunya ta kama ni, na ce ya cire ya sa na ƙwarai.

"Ko kusa," in ji Malam Alfa. "Maƙerin ƙauye ya fara, maƙerin ƙauye ya gyara, ba su taɓa ganin juna ba, aikinsu ya zauna lafiya. Ni ne zan raba su?"

Sai na isar da saƙon Baba, na ce a samo mana hannu na biyu. Ya ce wane hannu na biyu? Na ce wanda ya faɗa ruwa. Ya ja ni gaban wasu agoguna a jere, kowanne hannu ɗaya. Ya nuna mini fuskar Dogo, ba zanen minti ko ɗaya. Ya juya hanjin, babu ma inda wani hannun zai zauna.

"Haka aka haife shi," ya ce. "Manomi ba ruwansa da minti. In ya san lokacin tatsar saniya da lokacin abinci da lokacin coci, ya ishe shi."

Na zauna a kan wani akwati. Ban san ko dariya nake ko kuka ba. Zainabu ta kira gida ta bidiyo, ƙanwata Hadiza ta kai wayar zaure, inda tsofaffin biyu suke zaune kowa da tabarmarsa. Na faɗa musu kamar yadda aka faɗa mini. Sai Baffa ya miƙe, mutumin da sai an kama shi yake tashi, yana juyi hula tana faɗuwa, yana cewa, "Allahu akbar! A kira liman! A kira mai unguwa! A kira duk wanda yat taɓa jin an zage ni!"

Baba bai motsa ba. "Wa yaf faɗi?"

"Bature mai gyara, Baba."

"Shekarunshi nawa?"

"Zai yi saba'in."

"Yaro na. Mi yas sani?" Ya sa aka kashe waya.

Da aka fassara wa Malam Alfa, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau, sannan ya ce zai ajiye duk aikin da ke gabansa ya fara da namu. Da yamma ya kai mu maƙerar Yusha'u, wadda yanzu shagon shayi ce, uwar maƙerar tana bakin ƙofa an ɗora mata tukunyar furanni. Na dafa ta na ce, "Yusha'u, aikinka ya ga duniya, har kwalekwale ya hau."

Da Malam Alfa ya gama gyara, da kansa ya kawo mana birni. Tagullar tana walƙiya, ga sabuwar igiya, ga 'yar kwalbar mai, ya sa na yi alƙawari ba sauran man gyaɗa. Na yi masa tuwon shinkafa da miyar kifi, ya ci da hannu, gumi yana ɗiga daga hancinsa. Da zai tafi ya buɗe hannuwa biyu zai rungume ni irin sallamarsu. Ban san sanda na cusa masa tukunya a ƙirji ba. Sani ya ɗauki hoto, Zainabu ta tura wa dangi. To ga asalin maganar auren nan, kowa ya huta.

Ranar da na iso Yauri ban ko sha ruwa ba, gidanmu ya cika. Mai gyaran rediyo ya mai da hanjin mazauninsa, ya rataya dalma, ya tura lilo. Dogo ya ce ƙwas, ya ɗan jira, ya ce ƙwas-ƙwas, ya tsaya. Aka sake turawa, ya sake tsayawa. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai, hannuwansa a gwiwa. Duk dariyar da na kwaso daga Ingila ta gudu. Na ce a raina, in abin nan bai tashi ba, tsohon nan ba zai ƙara tambayar komai a duniya ba.

Na kira Zainabu, ta haɗa mu da Malam Alfa. Ya ce a manna wayar jikin akwatin, kowa ya yi shiru. Ya saurara, ya ce ba abin da ya lalace, ɗingishi yake, ƙasar ɗakin ce ba daidai ba, a ɗan ɗaga gefen hagu. Aka sa sakaina, ta yi kauri. Aka sa kwali, ya lotse. Sai Baffa ya fita, ya dawo da guntun tsohon filafilin kwalekwale da wuƙa. Ya durƙusa a gindin Dogo yana feƙewa yana turawa. Baba ya lalubo akwatin, ya manna kunne.

"Ƙara, Ɗanjuma."

Baffa ya ƙara.

"Ya yi yawa. Rage kaɗan. Kaɗan nic ce, kurma kake?"

Baffa ya rage. Sai ƙwas, ƙwas, ƙwas, daidai wa daida kamar masu daka biyu da suka saba. Baba ya ce, "Nan!" A daidai lokacin muryar Malam Alfa ta fito daga waya da ihu, ba mu buƙaci fassara ba.

Aka saita hannun nan guda, aka zauna jira. Ban taɓa ganin matan unguwarmu sun yi shiru haka ba. Can cikin akwatin wani abu ya yi gyaran murya, sai ƙararrawa ta buga. Kajin tsakar gida suka watse, Hadiza ta rangaɗa guɗa, mai gyaran rediyo ya rungume wani da bai sani ba. Baba kuwa yana tsaye, tafin hannunsa a jikin katakon, hawaye yana bin gemunsa. Da hayaniya ta lafa ya ce, "Ɗanjuma."

"Na'am, Yaya."

"Na yahe maka."

Baffa ya saki baki. "Ka yahe mini? Mi niy yi?"

Baba ya juyo wajena. "Kulu, kawo muna tuwo. Kwano guda."

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannuwansu a kwano ɗaya ba. Na zuba, na ɗora babbar tarwaɗa a kai, na ajiye tsakaninsu, na koma bakin ƙofa na laɓe. Suka fara ci. Baba ya lalubo kan kifin, wanda a gidanmu rabon babba ne, ba a taɓa jayayya a kansa ba. Ya riƙe shi ɗan lokaci, sannan ya tura shi a hankali zuwa gefen ƙanensa.

Baffa ya daɗe yana kallon kan kifin nan. Sannan ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya cinye shi tas, ko ƙaya bai bari ba.